Wa Ya Riƙe Sallau?

Ku matso kusa. Kai mai gyangyaɗi, buɗe ido, yau akwai gardama.

A ƙauyenmu an yi wani yaro, Sallau. Yana ɗan shekara goma 'yan bindiga suka ɗauke shi, suka rataya masa bindigar da ta kusa fin shi tsawo. Bayan shekara huɗu aka dawo da shi. Jiki dai ya dawo, amma kullum idonsa na kan hanyar daji, kowa ya san kiris ya rage ya koma.

Kakarsa Tabawa ta lura ba ya cin abinci sai an ba shi umarni. Tsohuwar da ko kajinta ba sa jin maganarta, sai ga ta ta ci ɗamara ta zama kwamanda. "Soja, ci tuwo! Soja, ƙara miya!" Yaro ya ƙame, ya sara mata, ya cinye tas. Ba don ita ba, da yunwa ta gama da shi.

Hannunsa kuwa ya saba da kwance bindiga, ba ya zama haka nan. Ya wargaza rediyon liman, ya wargaza keken ɗinkin maƙwabta, in ya mayar sai kusoshi uku su yi saura. Jatau mai gyaran babur ya ce, "Tunda kwance-kwance kake so, zo inda ake yi a gode maka." Cikin wata biyu yaro ya samu sana'a.

Amma fa gari na tsoronsa. In ya doso, majalisa ta watse, har mai shayi ya bar tukunya. Ran nan ya wuce Malam Barau bai gaishe shi ba, tsoho mai faɗan tsiya, wanda su Sallau suka taɓa ƙone wa rumbu. Sai ji muka yi ƙwas, ranƙwashi a tsakar ka! "Kai, ba a koya maka gaisuwa ba?" Kowa ya nemi maɓoya. Sallau ya durƙusa ya fashe da kuka, don shekara huɗu ba wanda ya ɗauke shi yaro. Wallahi ni ma sai da na share ƙwalla. Washegari yara suka zo kiransa ƙwallo.

Da mutanen daji suka aiko ya koma, ya ce, "A gaya musu ba zan zo ba, akwai wanda ya riƙe ni a nan." Ɗan banzan bai faɗi suna ba! Tun daga ranar, Tabawa da Jatau ba sa ga-maciji, kowa na cewa shi ake nufi, Barau kuma yana ta nuna wa mutane yatsun da ya yi ranƙwashin da su.

To jama'a, a cikin ukun nan, wa ya riƙe Sallau?