Amsa Biyu Daga Inji Ɗaya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari mai zafin gaske, ana ce masa Malam Barmo. Ɗan shago gare shi na buga wa mutane takardu, da tsohuwar kwamfuta guda wadda in ta tashi sai ka ce injin markaɗe.

To, ku saurara. A lokacin akwai wasu masana da ke neman maganin wata cuta, lissafin ya fi ƙarfin injinansu. Sai suka yanka shi gunduwa-gunduwa, suka ce duk mai kwamfuta ya ara musu ita in ba ya aiki, ta lissafa ta mayar da amsa. Kyauta, ba ko sisi. Sai dai maki da ake rubuta wa kowace ƙungiya. Matasan garin suka kafa tasu, shugabansu wani mai zafin nama, Tsalha. Malam Barmo ya shiga, shi kaɗai ne mai furfura. Yana son yaran nan, jama'a, yana son su ƙwarai. Ba shi da ɗa, su ne masu ce masa Baba.

Ƙwaƙwalwar injin nan salon umarni biyu take ji. Akwai tsoho, mai ɗaukar lissafi ɗaya bayan ɗaya. Akwai sabo, mai rungumar da yawa lokaci guda, ga sauri, amma ga zafi. Bazara ta shigo, gasa ta yi tsanani tsakaninsu da garin maƙwabta. Tsalha ya zo shago.

"Baba, don Allah ka koma sabon salo. Kai ne kake ja mana baya."

Ya koma. Maki ya hau, yara suka yi ta tafi. Amma da ya ɗora hannu a kan injin, sai ya janye da sauri. Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ba kwamfutar lissafi ɗaya sau biyu, ta ba shi amsa biyu. Lissafi ɗaya fa, amsa biyu! Zafi ya sa tana kuskure, kuma makin yana hawa kafin masanan su tantance.

Wa ya gani? Babu kowa. Ina ƙara tambayarku, wa ya gani?

Bawan Allahn nan ya mayar da ita tsohon salo, ya sanar da masanan su zubar da duk abin da ya aika cikin zafin. Makin ƙungiya ya rikito. Tsalha ya shigo kamar zai tashi sama.

"Baba, ka kashe mu! Ai suna dubawa, da sun gano da kansu. Wallahi cire ka za mu yi."

Idon tsohon ya ciko, don maganar ta yi masa ciwo. Ya ce, "Ɗana, in kun cire ni zan yi kewarku. Amma na san amsar ruɓaɓɓiya ce. In bar ta a cikin kayan mutane ina jiran su tsince? Maganin nan wani ne zai haɗiye shi."

Suka cire shi. Gasar ma suka faɗi. Ya ci gaba shi kaɗai, kwamfutar tana tafiyar hawainiya, benci a ƙofar shago ba mai zama. Har damina ta sauka. Ran nan sai ga Tsalha da kwamfutarsa a ka, ya durƙusa, ya kasa haɗa ido.

"Baba, gwada mini tawa sau biyu."

Malam Barmo ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Tashi ka kawo ta, sarkin gaggawa."

'Yan'uwa, ga darasin: kyauta ma amana ce. Don ba a biya ka ba, ba shi zai ba ka izinin yin algus ba. Kai mai taya aikin masallaci, ke mai dafa abincin sadaka, kai mai koyar da 'ya'yan maƙwabta, kada ka ce ai taimako nake yi, ko yaya ya fito su gode. In ka ji zafi ya fara sa ka kuskure, sassauta, ka yi kaɗan mai kyau. Wanda zai karɓa ba shi da yadda zai gwada ka sau biyu. Allah Ya sa mu gwada kanmu tun kafin a gwada mu.