Sawu Na Huɗu A Filin Karaye

Akwai wani tela a Rogo Sabon Gari mai suna Ashiru. Ƙafarsa ta fi keken ɗinkinsa sauri, bakinsa kuma ya fi ƙafar. Ƙwallon kwando ce cutarsa. Duk bidiyon ƙwararru da ya faɗo wayarsa sai ya haddace takunsu, sannan ya ce ai shi suke kwaikwayo.

Shekara shida 'yan Rogo suna zuwa Karaye wasan kofin bayan Sallah, shekara shida suna komawa hannu rabbana. Bana Ashiru ya ce a tanadi inda za a ajiye kofin tun kafin motarsu ta tashi.

Filin na ƙasa ne, an yayyafa masa ruwa, an ja layi da toka. Saura daƙiƙa biyar a tashi, Karaye na gaba da maki ɗaya. Ashiru ya karɓi ƙwallo, ya buga ta a ƙasa, ya yi dama, ya yi hagu, ya bar Sulle kyaftin ɗin Karaye yana rungumar iska, ya zura ta a kwando.

Wuri ya kaure da ihu.

Sulle ya rugo wurin alƙalin wasa, Malam Yusha'u. "Malam, tafiya ya yi da ƙwallo! Wannan taku kamar mai zuwa kasuwa?"

Malam ya ce, "Dokar ƙwararru ta yanzu, takun da mutum ya kama ƙwallo a kansa ba a ƙirga shi. Bayansa yana da biyu. Uku ke nan. Na huɗu ne laifi."

Ashiru ya ƙyalƙyale da dariya. "Sulle, dokar da ka riƙe tun zamanin talabijin marar kala ce. Ka zo shago in koya maka, kyauta."

"To ai huɗun ka yi, sarkin baki!"

Malam kuwa an tare masa gani a daidai lokacin. Masu waya kuwa duk sun shagala da tsalle, babu wanda ya ɗauka.

Sai ga wani dattijo ya ratso taro, Baba Mijinyawa na Kwanyawa, wanda ake kira in an sace shanu ya bi sawu. Ya ce, "Ku ja baya, yara. Ban san kwandonku ba, amma na san sawu."

Ya durƙusa, ya nemo shatin da ƙwallo ta bari a bugu na ƙarshe, ya bi ƙasa da tsinke. "Ɗaya. Biyu. Uku." Ya tsaya a kan wani ɗan guntun sawu, bakin takalmi kawai. Ya daɗe yana kallonsa. "Wannan an murje shi. Mutum biyu suka taka nan. Ba zan ɗora wa kowa abin da ban tabbatar ba."

'Yan Rogo suka fara kaɗa jarkoki. Malam ya kai usur baki zai tabbatar da ci.

Ashiru kuwa idonsa na kan guntun sawun. Shi ya san lokacin da Sulle ya matso, shi Ashirun ya ɗan dangwala ƙafar hagu kafin ya tashi sama. Ya ɗago ya ga kofi a kan tebur, ya ga Ja'afar kyaftin ɗinsu har ya goge hannu a riga.

"Malam, dakata. Sawun nan nawa ne."

Ja'afar ya fizgo shi. "Kai, ka zauce ne? Baba ma ya ce bai gane ba!"

"Shi bai gane ba, ni ƙafata ce. Da uku nake son a ce na ci Karaye, ba da na huɗu na sata ba. Ukun kuwa na iya. Ku tambayi Sulle, har yanzu iska yake nema."

Malam ya soke cin. Kofi ya zauna a Karaye karo na bakwai. Amma Ashiru jama'ar Karaye suka saɓa a kafaɗa, Sulle na biye da kofi a hannu babu mai kallonsa. Ja'afar bai yi masa magana ba har suka shiga Rogo.

Tun daga ranar, in musun taku ya ɓarke a kowane fili, daga Daura har Kwanyawa, shagon Ashiru ake bugawa waya. Mutumin da a da in ya ce ana ruwa sai an leƙa waje, yau in ya ce uku ne, uku ne.

Darasi: Ka yi cika baki iya son ranka, mu ma muna yi, amma ranar da gaskiya ta rage kai kaɗai ka san ta, faɗe ta ko za ta raba ka da kofi. Ku tura wa abokin nan naku da bai taɓa yarda ya yi laifi a fili ba, ku ce daga Rogo ne.