Golan Da Ya Ƙi Sauka

Akwai wani matashi ɗan Kano mai suna Mas'udu, wanda na zauna da shi a Guangzhou wajajen 1998. Aikinsa haɗa wa 'yan kasuwa takalma a kasuwar Zhanxi, ya raka kaya tashar jiragen ruwa ta Huangpu a loda a kwantena. Amma zuciyarsa tana raga. Duk Lahadi 'yan Najeriya da 'yan Ghana suna kece raini a wani filin ƙwallo, shi ne golanmu, kuma wallahi yana kamawa.

A bayan ragarsa wani tsohon Bajamushe yake zama, Egon, wanda ya biyo 'yarsa da ke aiki a garin. Baba Egon muke ce masa. Hannunsa na dama a ƙandare yake.

Wata rana ya ba Mas'udu labarin hannun, da guntun Turancinsa. Ashe gola ne shi ma, a ƙungiyar wani garin masu haƙar kwal, bayan yaƙin duniya. A wani babban wasa ɗan gaba ya taka masa wuyan hannu. A lokacin doka ba ta yarda da canji ba, in ka fita sai ƙungiyarku ta ƙarasa da mutum goma. Sai ya ɗaure hannun ya tsaya har aka tashi. Suka ci, jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa.

"Daga ranar ban sake tsaron raga ba," in ji shi.

Mas'udu dai ɗaukar kafaɗar kawai ya ji.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani mai nema wa ƙungiyoyin Hong Kong 'yan wasa zai zo kallo ranar Lahadi. Cikin makon kuma kwalin takalma ya zamo daga mota ya daki Mas'udu a wuyan hannu. Wurin ya haye, ko buta ba ya iya ɗagawa.

Ranar wasa Baba Egon ya kama hannun, ya ɗan latsa. Mas'udu ya cije leɓe.

"Ƙashin ya tsage, ɗana. Ba Ilu safar hannun, ka tafi asibiti."

Ilu shi ne golanmu na biyu. Mas'udu ya yi dariya. "Ilu? Wanda ko kankana aka jefa masa sai ta faɗi?"

"Ka ji ɗan rainin hankali," in ji Ilu. "To ni dai hannuna biyu lafiya lau."

Tsohon bai yi dariya ba. "Mai neman 'yan wasan nan zai sake dawowa. Hannu ba ya dawowa."

"Haba Baba! Kai da ka tsaya aka ɗauke ka a kafaɗa, ni ne za ka ce na gudu?"

"Ni ba ni da wanda zai karɓe ni. Kai ga naka a tsaye."

Mas'udu ya fizge hannunsa. "Ka yi zamaninka, ka bar ni na yi nawa. Ko dai baƙin ciki kake yi?"

Tsohon ya dube shi, ya koma ya zauna.

Ba a daɗe da take wasa ba wani ɗan Kumasi ya narko ƙwallo. Mas'udu ya tashi sama ya tare ta da hannun. Har daga tsakiyar fili an ji ƙarar. Babu wanda ya ɗauke shi a kafaɗa, a tasi aka saka shi, Ilu ya shiga raga aka ci gaba da wasa.

Likita ya ce tsagewar da ɗauri kawai za ta warkar ta zama karaya ta sosai. Hannun zai haɗe, amma ba zai ƙara lanƙwasuwa yadda yake ba.

Baba Egon ya zo dubiya da ledar lemo. Kunya ta hana Mas'udu haɗa ido da shi, ya ce a ce yana barci. Ya bari sai ya warke ya je ya ba shi haƙuri. Ranar da ya koma filin aka ce masa aikin 'yar ya ƙare, sun koma Jamus.

Bana da na dawo gida na iske Mas'udu a shagonsa na takalma a Ƙofar Wambai. Muna hira ƙwallon yara ta taso ta nufo shi daidai ƙirji. Ya goce, ta daki bango, sannan ya mayar musu da ƙafa.

Darasi: Idan wanda abu ya taɓa ci ya ba ka labarinsa, kada ka tsaya a inda aka yi masa tafi, ka saurara har inda ya yi kuka. Sauka ka ba wani wuri ba ragonta ba ce. Ka tura wa duk wanda ka san girman kai na shirin raba shi da abin da ba ya dawowa.