Dalilin da Ya Sa Jatau da Dela Ba Sa Haɗuwa a Sama

Dalilin da ya sa taurarin nan biyu na can kudu suke zagaya juna ba sa haɗuwa, ku matso ku ji, yara. Ku dai ɗaya kuke gani saboda nisa, amma biyu ne, miji da mata. Kuma akwai wata 'yar duniya marar haske da ke kewaya matar.

A zamanin da, taurari gida-gida suke zaune kamar mutane. Akwai wani tauraro mai suna Jatau da matarsa Dela. Tabarma ɗaya suke zama, haskensu a haɗe, har ba a iya gane na wane ne wanne. Abu ɗaya ya rage musu, haihuwa. Maƙwabta suna ta samun 'ya'ya, kowane jariri da 'yar wutarsa a ƙirji, su kuwa shiru.

Bayan an daɗe, Dela ta haifi mace, suka sa mata suna Kyauta. Sai dai yarinyar ta zo ba wuta. Jikinta sanyi ƙalau kamar sabuwar randa, fatarta kamar ƙasar da ruwa ya jiƙa. Ungozoma, wata tsohuwar tauraruwa da ake kira Ige, ta juya ta, ta duba, ta ce wannan ba ta da ɗumin kanta, da na wani za ta rayu.

Iyayen ba su damu ba. Suka kwantar da ita a tsakaninsu don kada sanyi ya taɓa ta. Ba a jima ba fatarta ta fara tsattsagewa, leɓenta ya bushe, kuka ma ba ta iya yi. Suka ɗauka sanyi ne, suka ƙara matsowa, suka ƙara iza wutarsu. Ciwo ya ƙaru. Sai aka sake kiran Ige.

Tsohuwa ta taɓa goshin yarinyar ta ce, "Ba sanyi ba ne, 'ya'yana. Ku ne. Zafin mutum ɗaya take iya ɗauka, na biyu ya fi ƙarfinta."

Ran Jatau ya ɓaci. Ya ce tsufa ne ya kama Ige, ina aka taɓa jin uba ya zama cuta ga 'yarsa.

Ana nan sai aka yi rasuwa a danginsa can nesa, ya tafi gaisuwa. Yana barin gida Kyauta ta fara samun sauƙi. Fatarta ta yi laushi, suma ta tsiro mata kore shar kamar ciyawar farkon damina, har ta soma dariya. Da Jatau ya dawo ya hango ta zaune tana wasa a gindin uwarta, murna ta sa ya manta da komai. Ya sheƙo, ya sure ta, ya manna ta a ƙirji. Yarinya ta ƙwalla ƙara. Kafin Dela ta karɓe ta, kuncinta ɗaya ya ƙone, sumar gefen ta babbake.

Jatau ya tsaya yana kallon hannuwansa. Bai ci abinci ba ranar. Washegari ya gaya wa Dela zai bar gidan. Ta yi kuka, ta ce ita ce za ta tafi, ai gidansa ne. Ya ce a'a, ita ta fi shi sanyin hannu.

Dela ta ce, "To, Maigida, abu ɗaya nake roƙo. Kada ka je inda ba zan gan ka ba."

Ya yi alkawari. Ya ja da baya har inda zafinsa ba ya kai wa ga yarinyar, ya shiga zagaya gidan daga nesa. Ita ma Dela duk inda ya nufa sai ta juya ta bi shi da ido, har juyin ya zame mata tafiya. Sai an yi shekara da shekaru, in kewa ta ishe shi, yake matsowa daidai inda murya za ta kai, ya tambayi lafiyarsu, ya koma tun kafin kuncin Kyauta ya fara zafi.

Kyauta ta girma tana kewaya uwarta, don ba ta da wani wurin jin ɗumi. Wata rana ta nuna da hannu ta tambayi wane ne mai hasken can da kullum yake bin su. Dela ta ce babanta ne. Kyauta ta tambayi me ya sa ba ya shigowa, ko fushi yake yi da su.

Sai Dela ta ce, "Ɗaga masa hannu, yana ganinki."

Shi ya sa har yau Jatau da Dela suke zagaya juna a sama, kowa na kallon ɗan'uwansa, ba su sake zama kan tabarma ɗaya ba. Kyauta kuwa tana nan tana kewaya uwarta da tabon ƙuna a kunci, ba ta ma tuna wanda ya yi mata shi ba.