Jariri Ɗaya, Masu Gyaran Manhaja Uku

Tun da na dawo daga Fatakwal ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya. Ran nan ina wucewa ta ƙofar gida, Kawu Barau ya riƙo hannun rigata. "Kai sarkin yawo, zauna. Ka shekara da shekaru kana cinye kifin mutane, yau ka yi mana amfani." Dattawa sun cika tabarma. Kawu ya gyara murya ya fara.

Da damina, in ji shi, amai da gudawa suka ɓarke a unguwarmu. An gane ruwan famfo ne, amma ba wanda ya san ta ina ƙazantar ke shiga, don bututun sun sarƙe a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin iyayenmu. 'Yar Kawun, Ramlatu, da tsohon ciki, ta kwanta asibiti ta tashi, ta dawo wa ruwan nan ta sake kwanciya. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki wani karon ba. Ofishin ruwa na da manhaja mai nazarin yadda bututu suka haɗu: a nuna mata gidajen da aka kamu, ta bi su baya har mahaɗar da suka yi tarayya. To, sai ga shi da an loda mata taswira, sai ta rufe kanta. Abokai uku masu aikin kwamfuta, Jazuli da Tanimu da Lurwanu, suka taru a kanta.

Kowa ya ce kwamfutar ce ta tsufa, Jazuli ya ƙi yarda. Ya bi saƙon kuskuren layi-layi har ya gano wurin da manhajar take faɗuwa. Ashe an taɓa kai kwamfutar kasuwa gyaran fanka, mai gyaran kuma, don kyautatawa, ya sabunta komai da ke cikinta. Har da wani ƙunshin lissafi da manhajar ke jingina da shi, wanda suke kira laburare. Sabon ya canza hanya. Manhajar na kiransa yadda ta saba, ba ya amsawa.

An san cuta, saura magani. Tsohon laburaren kuwa masu shi sun cire shi daga intanet. Tanimu ne abokansa ke wa dariya, don tsabar ƙin ƙona data bai taɓa sabunta komai ba a rayuwarsa. Ya tuna da wata tsohuwar kwamfutarsa da ya bar wa ƙannensa a ƙauye suna kallon fim. Ya hau babur, ya tarar rafi ya kawo, ya bar babur ɗin a gaɓa ya ratsa da ƙafa, ya dawo da ita a kansa cikin leda. Aka kwafo tsohon, manhaja ta tashi.

Ta nuna mahaɗar bakin kasuwa. Masu haƙa har sun saɓa diga, Lurwanu ya ce, "Don Allah ku dakata, tashi daban, faɗin gaskiya daban." Ya gwada ta da layin gidansu, inda ya san kowane bututu, sai ta ce ruwa daga gidaje yake komawa tanki. Ashe kafin manhajar ta faɗi, sabon laburaren ya riga ya juya alƙiblar ruwan a taswira. Ya gyara, aka sake gwadawa, ta nuna bayan mahauta. Aka haƙa, ga bututu a fashe ƙarƙashin kwata, aka gyara shi.

Kawu ya share ido da bakin rawani. Ramlatu ta sauka lafiya, an sami namiji. Mijinta ya yi alkawari tun tana kwance cewa wanda ya cece ta, sunansa za a raɗa wa yaron. Su ukun kuwa kowa na tura wa ɗan'uwansa.

"To jama'a," in ji Kawu, "yaro ɗaya ne, suna ɗaya ne. Wanda ya gano ciwon, ko wanda ya ratso rafi da maganin, ko wanda ya hana a haƙa inda ba nan ba: sunan wa liman zai raɗa?"