Ruwan Wankan Baba

Akwai wani mutum mai suna Habila, yana zaune a wani gari na kan duwatsu inda sanyin safiya ke shiga har cikin ƙashi. Mahaifinsa ya tsufa, ciwo kuma ya shanye masa ɓarin jiki, sai Habila ya ɗauko shi daga ƙauye ya kawo shi gidansa. Domin kada tsohon ya sha wahalar sanyi, Habila ya sa aka kafa hita mai aiki da gas a jikin bango, irin wadda ke dafa ruwa nan take da zarar an buɗe famfo. Kowace safiya shi da kansa yake zaunar da mahaifinsa a kan kujera, ya yi masa wanka.

Amma ruwan nan ba shi da tabbas. Zai fara zubowa da ɗumi mai daɗi, tsohon ya lumshe ido, sai kwatsam ya koma kamar ƙanƙara. Kafin Habila ya murɗa famfo, ya sake dawowa da zafi kamar zai saɓule fata. Wata safiya sanyin ya daki tsohon a ƙirji, ya kwana yana tari. Da gari ya waye ya ce, "Habila, ka bar ni da dauɗata. Ba zan ƙara shiga banɗakin nan ba."

Kwanaki suka wuce, tsohon ya ƙi wanka. Gaɓoɓinsa suka ƙara sandarewa, ya daina hira, ya juya fuskarsa bango. Habila ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya sake tukunyar gas, ba a ga canji ba. Ya ƙara wutar hitar, abin ya ƙara lalacewa. Daga ƙarshe ya ce a ransa, "Yau zan ɓalle ta daga bangon nan in jefar."

Kafin ya ɗauko guduma, sai ya ce bari ya gwada ta sau ɗaya. Ya buɗe famfo, ya tara hannu. Ruwa na zubowa da ɗumi. Can sai ya ji ƙarar famfon ɗakin girki ta bayan bango, inda matarsa Kezaya ke wanke-wanke. A daidai lokacin ruwan hannunsa ya yi sanyi.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kezaya, rufe famfon nan!" Ta rufe. Zafi ya dawo. "Sake buɗewa!" Ta buɗe, sanyi ya sauko. Habila ya fito da gudu, hannu sharkaf, yana dariya kamar yaro.

Kezaya ta riƙe baki ta ce, "Maigida, ashe ni ce nake ɗauke wa Baba ɗuminsa? Kwanon kununsa fa nake wankewa!"

Ya ce, "Ba laifinki ba ne. Wutar ɗaya ce, mu ne muke raba ta."

Suka je suka durƙusa gaban tsohon suna roƙonsa. Kezaya ta ce, "Baba, ka gwada yau kaɗai. Zan zauna a bakin ƙofa, hannuna ba zai taɓa famfo ba." Da ƙyar ya yarda. Ruwan ya zubo da ɗumi, ya kuma tsaya a kan ɗuminsa tun daga fari har ƙarshe. Kafaɗun tsohon suka saki. Daga bakin ƙofa Kezaya ta ji muryar tsohon tana rera waƙar yabo, sai ita ma ta karɓa, Habila ya karɓa, gidan ya cika da waƙa. Da aka gama, tsohon ya ce, "Ku fito mini da farar rigata. Lahadin nan da ni za a je sujada."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Wutar nan ita ce Ruhun Allah a cikin zuciyar mai bi, ba ta da aibu, ba ta kuwa mutu ba. Sau da yawa mukan ce addu'armu ta yi sanyi, har mu fara tunanin Ubangiji ya yashe mu. Alhali kuwa mun durƙusa ne da famfo da yawa a buɗe: wani ɓangaren zuciya na kasuwa, wani na cikin waya, saura na kan tukunyar da ke wuta. Ku lura, Kezaya ba zunubi take yi ba, aikin kirki take yi, sai dai ba lokacinsa ba ne. Akwai kuma raunana a gidajenmu waɗanda sanyinmu yake cutarwa, har su fid da rai. Saboda haka gobe da safe, kafin ka ce "Ya Uba," tashi ka rufe sauran ƙofofin zuciyarka. Aikin zai jira ka. Wanda ya zo wurin Allah da zuciya ɗaya ba zai tashi da sanyi ba. Amin.