Kurege da Karnukan Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, kai mai shan rake a rage mana ƙara.

Kurege dai sana'arsa kilishi. Danga ɗaya ce ta raba gidansa da na Bushiya, manomiyar gyaɗa mai rumbu cike har baki. Bushiya tana da karnuka biyu, Duna da Ƙyale-su, ba su san igiya ba tun da aka haife su. Kurege ya shanya nama, ya juya baya, sai ya ga wayam. Ya sake shanyawa, ya juya, wayam. Ranar da ya ce zai hana su, da ƙyar ya sha da wutsiyarsa.

Ya je ya yi sallama, ya ce, "Maƙwabciya, karnukanki za su tsiyata ni. Yau har wutsiyata suka kai wa cafka."

Bushiya ta ce, "Haba Kurege, wasa suke yi. Ni da nake kwana da su, ba su taɓa cizona ba."

Kurege ya dubi ƙayoyin bayanta, ya ce, "Ai ko ni ne kare, ba zan fara ba."

Sai gaban mai unguwa Gwanki. Gwanki ya ji ta bakin kowa, ya yi tuƙa, ya ce, "Daga yau ɓarnar kare tana wuyan mai kare. Duk ran da suka yi ɓarna, a auna wa mai kaya ƙwaryar gyaɗa."

Da Kurege ya ɓare gyaɗar farko ya jefa a baki, sai ya ga ai wannan ta fi kilishi riba. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Ya daina sayen nama, ya koma tsintar ƙashi a mahauta. Ya shafe ƙashin da tunkuza, ya wangale ƙofa, ya haye bishiya. Karnuka su lashe, Kurege ya sauko yana "Wayyo kilishina," Bushiya ta auna. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Da Bushiya ta ga rumbu yana yin ƙasa, sai ta sayo igiyar rama ta ɗaure karnukan a turke. Abin da Kurege ya roƙa tun farko ke nan, amma sai ya zauna jugum kamar an yi masa mutuwa. Tana tafiya gona, ya sulale ta ƙarƙashin danga, ya gwigwiye igiyar, karnuka suna kallonsa. Ta ɗaure, ya gwigwiye, ta auna. Ta ɗaure, ya gwigwiye, ta auna.

Ran nan Bushiya ta ɗaga guntun igiyar, ta ga sawun haƙora ƙanana, waɗanda ba na kare ba. Da suka koma gaban Gwanki sai ta durƙusa, ta ce, "Ranka ya daɗe, rumbuna ya ƙare. Ba ni da abin biya sai karnukan. Kurege ya riƙe su, na ba shi duniya da lahira."

Kurege ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, na yafe."

Gwanki ya ce, "Wanda bai yafe gyaɗa ba, ba zai yafe kare ba. Ja abinka."

Kurege ya kawo su gida ya ɗaure. Kafin ya juya sun gwigwiye igiyar, don sun koya a wurin gwani. Suka fasa wa Zabuwa ƙwai, suka kifar wa Akuya da nono, suka tone wa Bushiya iri. Kowa ya zo da ƙwaryarsa, Kurege ya auna. Bushiya ce kullum a kan gaba, tana tara ƙwarya tana cewa, "Yi haƙuri maƙwabci, wasa suke yi." Haka gyaɗa ta koma ta hanyar da ta zo.

Da Kurege ya ga gindin rumbunsa, sai ido ya raina fata. Ya zauna ya yi ta kaɗa wutsiya har dabara ta faɗo. Ya wanke karnukan tas, ya ɗaura musu jar fata a wuya, ya ja su zauren mai unguwa lokacin da jama'a ta cika. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, babba kamarka ba masu gadi? Abin yana hana ni barci. Ga 'yar gaisuwa."

Gwanki kuwa, Allah ya yi shi ba ya mayar da hannun kyauta baya. Ya ce, "Madalla, ɗan albarka."

Ba a jima ba karnuka suka sake fasa wa Zabuwa ƙwai. Ta ɗauki ƙwaryarta, tiƙis-tiƙis, sai zauren mai unguwa. Gwanki ya dubi ƙwarya, ya dubi rumbunsa, ya yi doguwar tuƙa, ya ce, "Daga yau ɓarnar kare tana wuyan wanda ya bar ƙofarsa a buɗe."

Kurege ya taho gida yana tsalle, yana cewa ya sha. Yana shan kwana sai ga Duna da Ƙyale-su zaune a ƙofarsa, inda suka saba cin ƙashi da tunkuza. Yau ba ƙashi, ba tunkuza, ba kuma wurin kai ƙara. Duna ya matso ya shinshina masa wutsiya. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ai ɗauka zai yi.

Kurege ya ce, "Wasa kuke yi ko?"

Karnuka suka lashe baki. Nan ya hau tonon ƙasa da hannu da ƙafa, ya shige, ya ja wutsiyarsa ciki. Shi ya sa har yau kurege a rami yake kwana, in ya fito sai ya miƙe a kan ƙafa biyu ya leƙa ko karnukan mai unguwa sun tafi.

Ƙurunƙus kan kurege. In karen maƙwabci ya dame ka, kafin ka kai ƙara ka fara leƙa gidan mai unguwa, ka ga ko shi ma yana kiwo.